Shaƙuwa da wuri da sa rai a ilimin halayyar ɗan Adam

Shaƙuwa da wuri ita ce ƙaunar nan da ke ƙulluwa tsakanin mutum da inda yake zaune, ko unguwa ce ko gona ko bakin kogi, kuma masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddiginta don su gano ko tana da hannu a kwanciyar hankalin mutum da yadda yake kula da muhalli.

Cikin binciken farko-farko akwai na Marc Fried a 1963, kan mutanen unguwar West End a birnin Boston na Amurka da gwamnati ta rushe da sunan gyaran gari. Ai da yawansu sun shiga baƙin ciki irin na wanda aka yi wa rasuwa, ga shi kuwa unguwar da hukuma ke gani a matsayin ta talakawa ce kawai. A 1992 Irwin Altman da Setha Low suka haɗa littafi kan batun, sannan a 2010 Leila Scannell da Robert Gifford na jami'ar Victoria a Kanada suka ce abu uku ake dubawa: wane ne ya shaƙu, da wane irin wuri, kuma ta wace hanya.

Inda maganar ta fi armashi shi ne, son gari ba lallai ya sa ka kare muhalli ba. Su dai Scannell da Gifford ɗin sun yi bincike a garuruwa biyu a lardin British Columbia, suka tarar wanda ya shaƙu da dazuzzuka da ruwan yankinsa shi ya fi kula da muhalli, shi kuwa mai son garin don jama'a da zumunci kaɗai abin bai fito fili a kansa haka ba. Har ma shaƙuwar kan juye ta zama turjiya, Patrick Devine-Wright ya nuna haka a garin Llandudno na yankin Wales a Birtaniya, inda waɗanda suka fi son garin suka fi adawa da injinan lantarki na iska da za a kafa cikin teku, wai za su ɓata musu kyawun gaɓa. Shi dai bai ɗauki wannan adawa a matsayin son kai zalla ba.

Sai batun sa rai, wanda shi ma masana ke duba ko yana da hannu a yadda mutum yake kula da muhalli. C. R. Snyder na jami'ar Kansas tun 1991 ya ce ba zaman jiran tsammani ba ne, sai mutum yana da buri, yana hango hanyoyin kai wa gare shi, kuma yana jin zai iya. Maria Ojala ta gwada wannan kan matasan Sweden a 2012 game da sauyin yanayi, ta ga sa rai iri biyu ne, akwai na wanda ya yarda matsalar tana nan amma ya ga ana iya yin wani abu, wannan shi ke tafiya da rage ɓarnar wuta da makamantansu, akwai kuma na wanda kawai ya ce ai zuzuta abin ake yi, shi wannan ba ya motsa kowa.

A 2021 wani bincike da Caroline Hickman da abokan aikinta suka yi ya tambayi matasa 10,000 masu shekara 16 zuwa 25 a ƙasashe 10, har da Najeriya, kashi 59 cikin ɗari suka ce suna cikin damuwa sosai kan sauyin yanayi. Sai dai yawancin irin waɗannan bincike tambayoyi ne ake rabawa mutum ya faɗi abin da yake yi da bakinsa, kuma mafi yawa a Turai da Amurka da Ostareliya aka yi su, shi ya sa masana ke kiran abin alaƙa, ba su cika cewa wannan ne ya haifar da wancan ba.