Musulmi a ƙasar da Kiristoci suka fi yawa: me doka ta tanadar masa?

Babban madogararsa shi ne yarjejeniyar 'yancin jama'a da na siyasa, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1966, ta fara aiki a 1976. Ƙasashe fiye da 170 sun shiga cikinta.

Sashe na 18 ya raba abu biyu. Na farko imani. Babu gwamnatin da aka yarda ta matsa wa mutum ya bar addininsa, ko da an kafa dokar ta-ɓaci. Na biyu bayyana addinin a fili: sallar jam'i, gina masallaci, sanya hijabi, karantar da yara. Wannan ana iya taƙaita shi, amma sai da doka a rubuce, kuma sai ya zama dole don kare tsaro, zaman lafiya, lafiyar jama'a, tarbiyya ko haƙƙin wasu. Cewa maƙwabta ba su saba jin kiran salla ba, ko 'yan unguwa ba sa son ganin masallaci, ba ya cikin waɗannan dalilai. A ganina nan ne aka fi cutar marasa rinjaye, don sau da yawa ƙyama ce ake lulluɓewa da sunan tsaro.

Sashen ya kuma bai wa iyaye ikon tarbiyyantar da 'ya'yansu bisa addininsu. Sashe na 27 ya ƙara da cewa ba za a hana marasa rinjaye yin addininsu tare da 'yan'uwansu ba.

Sai dai wajen aiwatarwa akwai rauni. Faransa ta haramta rufe fuska a bainar jama'a a 2010, da tarar da ke iya kaiwa Yuro 150. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta goyi bayanta a 2014. A 2018 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke sa ido kan yarjejeniyar ta 1966 ya duba ƙorafin wasu mata biyu da aka ci tararsu saboda niƙabi, ya ce an tauye musu haƙƙi. Har yanzu dokar tana nan, don kwamitin ba shi da ikon tilasta wa ƙasa.

Kai ƙorafi gabansa ma sai an gama da kotunan cikin gida, kuma sai ƙasar ta karɓi wata ƙarin yarjejeniya da ke ba da wannan dama. Amurka da Birtaniya ba su karɓa ba. Don haka wanda aka hana izinin gina masallaci ya nemi a ba shi dalilin a rubuce tare da dokar da aka dogara da ita, sannan ya kai wa lauya takardar.