Koyar da tarihi a makarantun Biyetnam

Tarihi darasi ne na dole a makarantun sakandare na Biyetnam, kuma Ma'aikatar Ilimi da Horarwa da ke Hanoi ce ke tsara manhajarsa da amincewa da littattafansa. Dokar Ilimi ta 2019 ta faɗa ƙarara cewa ilimin ƙasar na gurguzu ne, ginshiƙinsa aƙidar Marx da Lenin da tunanin Ho Chi Minh, jagoran gwagwarmayar 'yancin ƙasar. Shi kansa Ho Chi Minh ya buɗe wata doguwar waƙa da ya rubuta a 1941 da cewa wajibi ne jama'ar ƙasar su san tarihinsu.

Zaren da ya ɗinke darasin shi ne korar mahara. Ɗalibi yana farawa da sarakunan Hung, waɗanda ake ɗauka kakannin al'umma, ya wuce ga 'yan'uwa mata Trung da suka yi wa mulkin Sin tawaye a shekara ta 40, da nasarar Ngo Quyen a kogin Bach Dang a 938, da faɗuwar Faransa a Dien Bien Phu a 1954, har ya kai ga shigar sojojin Arewacin Biyetnam Saigon, babban birnin Kudu, ranar 30 ga Afrilun 1975, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin Biyetnam. Yaƙin ƙarshen nan littattafai na kiransa gwagwarmayar yaƙar Amurka don ceton ƙasa, Jam'iyyar Kwaminis kuwa ita ce magajiyar duk jaruman baya. Abin da bai dace da zaren ba sai a taƙaita shi. Yaƙin iyaka da Sin na 1979, wanda ya ci rayukan dubbai, 'yan layuka kawai ya samu a tsohon littafin aji 12, kuma wannan tauye haƙƙin waɗanda suka mutu a cikinsa ne.

Ɗalibai sun daɗe suna kukan haddar ranaku da alƙaluma. A jarrabawar shiga jami'a ta 2011 dubban ɗalibai sun ci sifili a tarihi. Duk da haka, da zarar an taɓa darasin sai ƙasa ta ɗauki zafi. A 2015 ma'aikatar ta so ta cusa shi cikin wani sabon darasi tare da tarbiyyar ɗan ƙasa da tsaro. Masana tarihi suka yi ca, Majalisar Dokoki ta ce a bar shi. Manhajar 2018 ta mai da shi na zaɓi a aji 10 zuwa 12, amma kafin a soma aiki da ita a waɗannan azuzuwa a 2022, ƙorafin malamai da 'yan majalisa ya sa aka dawo da shi na dole, darasi 52 a shekara.

Haka batun littattafai ya je ya dawo. Ƙudurin Majalisa na 2014 ya ba da damar littattafai iri-iri a kan manhaja ɗaya, sai a 2025 shugabannin jam'iyyar suka umarci a koma ga jerin littattafai guda ɗaya a faɗin ƙasar.