Waiwaye: Yadda lalacewar makarantar gwamnati ta share wa tsattsauran ra'ayi hanya a Arewa

Sashe na 10 na kundin tsarin mulkin Najeriya jimla ɗaya ce tak: gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Tun 1979 take nan, aka sake ɗora ta a kundin 1999. Kalmar "sekula" da ake ta kai ruwa rana a kanta ba ta cikin kundin. Amma a kunnen jama'armu an fassara ta da "ba ruwan kowa da Allah", shi ya sa da an ambace ta sai a toshe kunne. Yau kusan shekara hamsin ke nan ana wannan ja-in-ja, kuma a cikin shekarun ne makarantar firamare ta gwamnati ta durƙushe ba tare da an yi mata ko rabin wannan hayaniyar ba. Abubuwan biyu suna da alaƙa.

Tushen ya faro ne daga zuwan Turawa. Bayan cin Kano da Sakkwato a 1903, Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addini ba, aka taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. A Kudu kuwa 'yan mishan ne suka kafa yawancin makarantu. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta cike wannan giɓi ba. Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nassarawar Kano a 1909, Kwalejin Katsina ta biyo baya a farkon shekarun 1920, amma 'yan ƙalilan ake ɗauka, galibi 'ya'yan sarauta da waɗanda za su yi wa En'e aiki. Talaka ya ci gaba da tura ɗansa makarantar allo, yana kallon boko a matsayin kayan baƙo. Sa'ad da Jihar Yamma ta fara ilimin firamare kyauta a 1955, Arewa tana kan Yaƙi da Jahilci ne, tana koya wa manya baƙi da wasali. Sardauna ya yi ƙoƙarin cim ma tazarar, har aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sai dai ginin ya yi tsawo a sama alhali gindinsa siriri ne.

Babbar dama ta zo a watan Satumba na 1976, lokacin da gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, da kuɗin man fetur. An shirya wa yara wajen miliyan 2.3 a aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka bayyana. Aka gina azuzuwa cikin gaggawa, aka kwaso malamai da horon 'yan watanni, wasu ma ba su gama nasu karatun ba. Duk da haka a ƙauyukan Arewa da dama wannan ne karo na farko da ɗan manomi ya zauna a benci ya riƙe fensir. Abin bai daɗe ba. Farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, malamai suka riƙa shafe watanni ba albashi, jihohi suka dawo da kuɗin makaranta da sunaye iri-iri. Shirin garambawul ga tattalin arziki na 1986, wato SAP, ya ƙarasa abin da ya rage. An kafa hukumar kula da ilimin firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka dawo da ita a 1993. Kowane sauyi yana nufin malami bai san wa zai biya shi ba. Uban da aka lallasa ya cire ɗansa daga gona ya ga yaron ya gama aji shida bai iya rubuta wasiƙa ba, aikin gwamnati kuma babu. Wanda ya ce masa boko yaudara ce bai sha wahalar kawo hujja ba.

A daidai wannan lokaci tsangaya ma ta sauya kama. A da almajiranci ci-rani ne: malam ya tafi da yara birni bayan girbi, su dawo da damina su yi masa noma, gari kuma ya ciyar da su da zakka da sadaka. Farin 1973 da rugujewar noman gyaɗa suka karya wannan tsari, yara suka zama mazauna birni dindindin, da kwano a hannu. Cikin irin waɗannan gardawa Muhammadu Marwa Maitatsine ya sami mabiya. A watan Disamba na 1980 unguwar 'Yan Awaki a Kano ta zama fagen yaƙi, kwamitin Mai shari'a Aniagolu ya ƙidaya mutum 4,177 da suka mutu. Wutar ta sake tashi a Bulumkutu da Rigasa a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. An murƙushe su da bindiga, ba a taɓa yanayin da ya haife su ba.

Su kuwa manyan ƙasa hankalinsu yana kan wata muhawara. A majalisar tsara kundi ta 1977 zuwa 1978 an yi zazzafar jayayya kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci a matakin tarayya, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren a watan Afrilu na 1978. A 1986 batun shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ya raba ƙasa biyu. A watan Maris na 1987 rikicin Kafanchan ya faro daga cikin kwalejin horar da malamai, ya bazu zuwa Zariya da Kaduna da Funtuwa. Wannan wuri ne da ya kamata a tsaya a kai: makarantar da aka gina don ta haɗa ɗan Musulmi da ɗan Kirista a aji ɗaya ita ce ta zama wurin kunna wuta. Irin haka aka sake gani a wata kwalejin ilimi a Sakkwato a watan Mayu na 2022, inda ɗalibai suka kashe 'yar'uwarsu ɗaliba bisa zargin ɓatanci, ba kotu ba alƙali.

A 1999 abubuwa biyu suka faru kusan tare. Ranar 30 ga Satumba aka ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, a Sakkwato. Ranar 27 ga Oktoba gwamnan Zamfara Ahmad Sani ya shelanta faɗaɗa shari'a a Gusau, wasu jihohi goma sha ɗaya suka bi wannan hanya. Talakan da ya cika filin taro yana neman adalci ne da ƙarshen cin hanci, kuma wannan buƙata ce ta gaskiya. Sai dai gwamnoni sun gano cewa alamar addini ta fi arha kuma ta fi kawo ƙuri'a fiye da biyan malamin firamare.

Dubi yadda kuɗin UBE yake tafiya. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Kafin jiha ta karɓi rabonta, sai ta ajiye daidai adadin daga aljihunta, ta kuma gabatar da tsarin abin da za ta yi. Jihohi da dama ba sa ajiyewa, biliyoyin naira suna kwance a Abuja shekara da shekaru. Kuɗin kuma na gini ne da kujeru da littattafai. Albashin malami daga kason ƙaramar hukuma yake fitowa ta asusun haɗin gwiwa da gwamna ke riƙe da shi. Shi ya sa za ka ga sabon aji da fenti, yara sama da ɗari a zaune a ƙasa, malami guda. Dokar ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: gargaɗi a karon farko, tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya a karo na biyu. Gwamnatin da ta kasa samar da makarantar fa? Haƙƙin ilimi yana sashe na 18, a babi na biyu na kundin, wanda aka tsara shi yadda ba a cika iya kai gwamnati ƙara a kansa ba. Ingancin malamai ma ya fito fili a 2017, da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya.

A wannan fili Muhammad Yusuf, jagoran ƙungiyar da ake kira Boko Haram, ya yi shuka a Maiduguri. Wa'azinsa ya shiga kunnen almajirai, ya kuma shiga kunnen 'yan boko marasa aikin yi, har wasu suka yayyaga takardun shaidarsu. Malaman da suka tsaya suka ƙalubalance shi da hujjar addini su ne suka fara shan wuya: an harbe Shaikh Ja'afar Mahmud Adam yana limancin asuba a Ɗorayi a watan Afrilu na 2007, an kashe Shaikh Albani Zariya a 2014. Bayan kashe Yusuf a hannun 'yan sanda a watan Yuli na 2009, makaranta ta zama abin hari kai tsaye: Mamudo da Gujba a 2013, Buni Yadi a Fabrairun 2014, 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilu, 110 a Dapchi a 2018. Zuwa 2015 an kashe malamai 611, wasu 19,000 sun gudu daga wuraren aikinsu. 'Yan bindigar Arewa maso Yamma, waɗanda kuɗin fansa ne damuwarsu, suka koyi darasin a Ƙanƙara da Kagara da Jangebe. Kowane hari yana rufe makarantun kwana na wata da watanni, kuma 'yan mata da yawa ba sa komawa.

Masu kare sashe na 10 suna da hujjar da ya kamata a saurara ko da ba a son kalmar "sekula". Gwamnatin da ta ɗauki addini dole ta zaɓi fassara ɗaya, kuma a Arewa akwai Ƙadiriyya da Tijjaniyya da Izala da Shi'a, ga Kiristoci 'yan ƙasa tun kaka da kakanni. Duk wanda aka bari a waje zai ga hukuma a matsayin abokiyar gaba. Malamin da ke cin albashin gwamna kuma bakinsa yakan yi nauyi a ranar da ya kamata ya tsawata. Tsarin bai hana koyar da addini ba. Sashe na 38 ya kare 'yancin ibada da wa'azi, abin da ya hana shi ne tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba. Kotunan shari'a kan aure da gado da wasiyya suna cikin kundin. Maƙwabciyarmu Nijar, inda kusan kowa Musulmi ne, ta kauce wa kalmar Faransanci mai ma'anar "sekula" da ke tayar da ƙura, ta rubuta raba gwamnati da addini a kundinta na 2010.

Inda abin ya fi bayyana shi ne kasafin kuɗi. A 2024 gwamnatin tarayya ta ba da tallafin naira biliyan 90 ga aikin Hajji, ibadar da aka wajabta wa mai iko kaɗai, kuma jihohi suna kashe nasu kan kujerun Makka da na Ƙudus. A ƙasar da UNICEF ta daɗe tana ƙiyasta yara miliyan 10.5 ba sa makaranta, UNESCO kuma ta ce sun kai miliyan 20 in an haɗa da 'yan sakandare, wannan zaɓi ne da ya cancanci a tambayi kowane gwamna a kansa. Makarantun almajirai na zamani fiye da 150 da aka fara buɗewa daga Gagi a Sakkwato a 2012 sun tsaya ne a kan wannan gaɓa: tarayya ta gina, aka miƙa wa jihohi, ba a ware kuɗin abinci da albashi ba, alarammomi kuma ba a yi shawara da su yadda ya kamata ba. Da yawansu yanzu kango ne. Hukumar almajirai da yaran da ba sa makaranta da aka kafa a 2023 ta gaji waɗannan gine-gine, tare da tambayar wa zai ciyar da yaran da za a zuba a ciki.