Koyon ceton numfashin yaro a jikin mutum-mutumi: tambayoyi da amsoshi

Makarantun koyon likita da yawa yanzu suna da ɗaki da aka shirya kamar sashen gaggawa na asibiti: gado, tukunyar oksijin, allon da ke nuna bugun zuciya. Sai dai wanda ke kwance a gadon ba ɗan kowa ba ne, mutum-mutumi ne na roba mai siffar yaro. A nan ɗalibai ke atisayen abin da za su yi ranar da aka shigo musu da yaron da numfashinsa ya sarƙe.

Yaya ake gudanar da wannan atisaye?

Ana shigar da ɗalibai uku ko huɗu, malami ya ba su labari a taƙaice: "Jaririya ce 'yar wata takwas, kwana uku tana tari da zazzaɓi, tun asuba ta ƙi kama nono." Daga nan sai ya ja da baya, aiki ya koma hannunsu. Mutum-mutumin na zamani ƙirjinsa na tashi yana sauka, ana jin ƙarar huhunsa da abin sauraron ƙirji, wani har leɓɓansa kan sauya launi. Malamin na gefe da kwamfuta yana juya al'amura. Idan ɗalibi ya gyara wa jaririyar kwanciyar kai, ya tsotse majinar da ta toshe hanci, ya sa oksijin, sai lambar da ke allo mai nuna yawan oksijin a jini ta tashi daga 86 ta haura 90. Idan kuma suka tsaya suna jera wa mahaifiya tambayoyi ba wanda ya kalli ƙirjin, lambar za ta ci gaba da sauka, bugun zuciya ya fara ja baya. Sau da yawa akan sa wani ya fito a matsayin mahaifiyar, tana kuka tana cewa, "Likita, don Allah me ya sami 'yata?" domin a gaske ma ba a cikin shiru ake wannan aiki ba. Abin duka bai cika wuce minti goma zuwa sha biyar ba.

Me ya sa numfashin yara ke buƙatar horo na daban?

Saboda jikin yaro ba ƙaramin jikin babba ba ne. Bututun iskar jariri faɗinsa kusan milimita 4 ne. Idan ciwo ya sa bangonsa ya kumbura da milimita 1 kacal ta kowane gefe, faɗin ya koma milimita 2, wahalar wucewar iska kuma ta ninka kusan sau 16. Irin wannan kumburi a wuyan babban mutum da ƙyar ma zai ji shi. Ga harshen jariri babba ne idan aka kwatanta da bakinsa, ƙeyarsa kuma ta fito, don haka idan aka kwantar da shi rigingine kansa kan sunkuyo ya toshe hanyar iska. Jikinsa na cin oksijin kusan ninki biyu na babba a kan kowane kilo, alhali ajiyar iskar huhunsa kaɗan ce.

Abin da ya fi kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, a manya zuciya kan tsaya farat ɗaya saboda ciwon zuciyar kanta, amma a yara galibi numfashi ne ke fara gazawa, sannan zuciya ta biyo baya. Wato akwai ɗan lokaci, kafin zuciyar ta tsaya, da hannu mai sani zai iya juya komai. Kuma yaro kan yi ta fafutika har ya ruɗi mai kallo. Wanda ɗazu yake haki yana tsala kuka, idan ya yi lamo numfashinsa ya ragu, sabon ɗalibi zai ɗauka sauƙi ne ya samu, alhali gajiya ce ta cinye shi. Wannan ruɗi ya fi kyau mutum ya faɗa cikinsa a gaban roba.

Ba a gefen gadon majiyyaci ya kamata a koyi wannan ba?

Zagayen ɗakin marasa lafiya ba shi da madadi, amma a nan yana da giɓi. Idan yaro ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai, manyan likitoci ne ke karɓar aiki, kuma daidai ne su karɓa. Ɗalibi sai ya koma jikin bango yana leƙe. Yana iya gama makaranta bai taɓa riƙe jakar hura iska a fuskar yaro ba, sannan 'yan watanni bayan haka ya zama shi ne likitan da ke bakin aiki da tsakar dare. Ba adalci ba ne ga wannan matashi, balle ga yaron da za a kawo masa, a ce ranar ce gwajinsa na farko.

Waɗanne matsaloli ake kwaikwayo?

Nimoniya ce kan gaba, domin a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a 2019. Sai asma mai tsanani, da kumburin ƙananan hanyoyin huhu da ke kama jarirai, da kumburin maƙogwaro mai sa tari kamar haushi, da shaƙewa da abinci ko wani ƙaramin abu, da mummunar borin jini da ke kumbura hanyar iska cikin mintuna. A kowanne ana so ɗalibi ya ƙirga numfashi na minti guda cur, ya san ma'aunin hukumar: numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a jaririn da bai cika wata biyu ba, 50 daga wata biyu zuwa sha ɗaya, 40 daga shekara ɗaya zuwa biyar. Ya kuma lura da lotsawar ƙasan ƙirji, da buɗewar ƙofofin hanci, da nishi a ƙarshen kowane numfashi.

Mene ne ainihin abin da hannu ke koya?

Idan da abu ɗaya za a zaɓa, ni hura iska da jaka da marufin fuska zan zaɓa. A ido abu ne mai sauƙi, a aikace kuwa nan ake yawan faɗuwa. Marufin ya yi girma, iska ta zurare ta gefen kumatu. An danna shi da ƙarfi, haɓa ta koma baya ta rufe hanya. Tsoro ya sa ana matsa jakar da sauri da ƙarfi, ciki ya cika da iska. Malami kan tsaya a kan ɗalibi yana maimaita tambaya ɗaya: "Ƙirjin na tashi?" Idan ba ya tashi, a gyara kai, a ɗaga haɓa, a sake ɗora marufin. Sai an yi ta yi har yatsu su san wurin zamansu ba tare da tunani ba.

Bayan wannan akwai bugun baya sau biyar da dannan ƙirji sau biyar ga jaririn da ya shaƙe, da lissafin magani bisa nauyin yaro, inda kuskuren ɗigo ɗaya a lamba ke ninka allura sau goma. Akwai kuma magana tsakanin ma'aikata. Jagora ba zai ce "a kawo oksijin" cikin iska ba, zai kira mutum da sunansa, shi kuma ya maimaita umarnin, ya sanar idan ya gama. Ɗalibi yana koyon cewa "a kira babban likita" da wuri ba gazawa ba ce.

Daga ina wannan hanya ta samo asali?

A 1960 wani mai ƙera kayan wasan yara a ƙasar Nowe, Asmund Laerdal, ya fito da Resusci Anne, mutum-mutumin koyon hura numfashi baki da baki. A shekarun 1980 likitan sa barci David Gaba na Jami'ar Stanford a Amurka ya ɗauko tsarin da matuƙa jirgin sama ke bi wajen atisayen haɗari ya shigo da shi ɗakin tiyata. Abin ya ƙara samun karɓuwa bayan wani rahoto na 1999 ya ƙiyasta cewa kurakuran asibiti na kashe mutum 44,000 zuwa 98,000 duk shekara a Amurka.

Akwai shaidar cewa yana ceton rai, ko jarrabawa kawai yake gyarawa?

Cewa yana gyara ƙwarewa a ɗakin atisaye, wannan an nuna shi sau da yawa. Nuna cewa ya rage mutuwa ya fi wuya, amma akwai misali mai ƙarfi. Shirin Helping Babies Breathe da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ƙaddamar tare da abokan aikinta a 2010 yana koyar da cewa jaririn da aka haifa bai yi numfashi ba a fara hura masa iska cikin minti na farko. A asibitoci takwas na Tanzaniya, binciken da aka wallafa a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin ɗari bayan horon. Ungozomomi da ma'aikatan ɗakin haihuwa aka horar a can, ba ɗaliban likita ba, don haka ba za a ɗora wannan lamba a kan kowane aji ba. Amma ta nuna abin da hannun da ya saba zai iya.

Dole sai an sayi mutum-mutumi mai tsada?

A'a. Wanda aka yi amfani da shi a Tanzaniya, NeoNatalie, roba ce da ake cika ta da ruwa, malami na matsa wani ɗan famfo da hannu don kwaikwayon bugun cibiya. Abin da ke sa darasi ya zauna shi ne zaman bita bayan an gama, wanda sau da yawa ya fi atisayen kansa tsawo. Malami nagari ba ya fara da "kun yi kuskure". Zai ce, "Na ga oksijin ya sauka zuwa 80 kana ƙoƙarin neman jijiya. Me kake tunani a lokacin?" Amsar ce ke fito da inda fahimtar ta karkace. Makarantar da ta zuba kuɗi a na'ura ba ta horar da malaman da za su iya wannan zama ba, ta yi asarar mafi yawan amfanin. Kuma idan aka mayar da ɗakin wurin kunyata ɗalibi, abin da zai koya shi ne ɓoye rashin saninsa.

Horo sau ɗaya ya isa?

Bai isa ba. Ƙwarewar farfaɗo da majiyyaci kan fara dushewa cikin 'yan watanni idan ba a maimaita ta. A asibitin Haydom da ke arewacin Tanzaniya an ga cewa kwas na yini ɗaya ya gyara yadda ma'aikata ke yi a jikin roba, amma aikinsu a ɗakin haihuwa bai sauya ba sai da aka koma gajeren atisaye akai-akai a wurin aiki. Darasin ya shafi ɗalibai ma: minti goma duk mako ya fi yini guda a shekara. Roba kuma ba za ta nuna sanyin tafin ƙafar yaro ko yadda idonsa ke shanyewa ba, shi ya sa ya kamata wanda ya yi atisaye da safe a kai shi ɗakin yara da rana, ya ƙirga numfashin yaro na gaske a gaban malaminsa.