Lissafin jikin halittun wasu duniyoyi a fina-finai

Lissafin jikin halittun wasu duniyoyi salon nazari ne da ake ɗauko halittar da masu shirya fim suka ƙirƙira, a auna ta da ƙa'idojin fiziks da lissafi, don a ga ko za ta iya tsayuwa da ƙafarta, ta yi numfashi, ta kuma iso duniyarmu. Da wasa ake yinsa, amma ƙa'idojin na gaske ne, kuma yawancinsu ɗalibin sakandare a Gusau ko Birnin Kebbi ya riga ya gamu da su a aji.

Girman jiki

Nan ne fina-finai suka fi yin kuskure. Tun a 1638 Galileo Galilei na Italiya ya bayyana cewa idan aka ninka tsawon abu da faɗinsa da kaurinsa sau 10, nauyinsa yana ninkuwa sau 1,000, amma faɗin ƙashin da ke ɗauke da shi sau 100 kawai yake ƙaruwa. A 1926 masanin halittu J.B.S. Haldane na Birtaniya ya gwada wannan a kan ƙaton mutum mai tsawon ƙafa 60, ya nuna ƙashin cinyarsa zai karye da zarar ya ɗaga ƙafa ya taka.

A ɗauki fara, wadda ake soyawa ana sayarwa a kasuwanninmu, tunda masu fim suna son ba baƙin halittunsu siffar ƙwaro. A ce tsawonta santimita 5 ne, nauyinta giram 2. In aka ninka ta sau 100, ta zama mita 5, nauyinta ya ninku sau miliyan ɗaya, wato tan 2. Ƙarfin ƙafafunta kuwa sau 10,000 kaɗai ya ƙaru, don haka nauyin da ke kan kowane ɓangare na ƙafar ya ninka na da sau 100. Ba za ta miƙe ba, balle ta yi tsalle. Ga matsalar numfashi: ƙwaro ba shi da huhu, iska tana shiga jikinsa ne ta ƙananan kafofi, kuma wannan hanya ba ta wadatar da babban jiki. Kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce, lokacin da iskar oksijin ta fi ta yau yawa (yanzu kashi 21 cikin 100 ce), an yi ƙwari waɗanda faɗin fukafukansu a buɗe ya kai santimita 70, can suka tsaya.

Ruwa ne yake sassauta wannan doka, domin yana tallafe nauyi. Duk wanda ya ga yadda ake ciccibar giwan ruwa a bikin kamun kifi na Argungu ya san kifin da ke yawo cikin sauƙi a kogi, a tudu sai an taru a kansa. Shi ya sa dabbar da ta fi kowace girma, mai tsawon kusan mita 30, a teku take, giwa kuma ba ta cika wuce tan 6 ba. Ƙatuwar baƙuwar halitta da aka ce a tekun wata duniya take rayuwa ta fi shiga hankali nesa ba kusa ba.

Ƙarfin jan ƙasa da nisan tafiya

Jan ƙasa, wato ƙarfin da ke jawo komai zuwa ƙasa, a duniyar Mars kashi 38 cikin 100 ne na namu. Halittar da ta tashi a can, in ta sauka nan, za ta ji jikinta ya yi nauyi fiye da ninki biyu da rabi, da ƙyar za ta ja jiki.

Nisa ya fi komai tsanani. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, amma sai ya shekara 4 da 'yan watanni kafin ya iso daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa. Irin wannan nisa zai ci masa fiye da shekara 70,000. Kumbon fim da ke ɓacewa kafin ƙiftawa da bismillah zai murƙushe duk wanda ke ciki, saboda ƙara gudu farat ɗaya yana danne jiki. In ana so fasinja ya ji nauyinsa daidai da na ƙasa, sai an yi kimanin kwana 35 ana ƙara gudu kafin a kai kashi ɗaya cikin 10 na gudun haske, kuma ko da wannan gudun tafiyar za ta haura shekara 40.