eSIM a kamfanonin waya masu rahusa

eSIM layin waya ne da ba a zura shi da hannu. A maimakon katin sim da aka saba sakawa a gefen waya, akwai wata 'yar ƙwaya da ake liƙawa a jikin injin wayar tun daga masana'anta, sai kamfanin sadarwa ya turo mata bayanan layi ta intanet. Manyan kamfanoni masu turakun sabis na kansu su ne suka fara karɓar tsarin. Kamfanoni masu rahusa, waɗanda galibinsu hayar hanyar sadarwa suke yi daga manya, sun shigo a makare, kuma kowa da inda ya tsaya: wani yana da komai har da haɗa agogon hannu, wani lambar QR kawai yake iya bayarwa, wani kuwa har yanzu sai kati. Saboda haka idan kamfani ya ce yana da eSIM, sai an ƙara tambayar wane iri ne.

Asali

Ƙungiyar GSMA, wadda ke haɗa kamfanonin sadarwa na duniya, ita ce ta fitar da ƙa'idar eSIM ta wayoyin jama'a a shekarar 2016, ƙa'idar da ake kira SGP.22. A wannan shekarar agogon Samsung Gear S2 ya fito da ita. Apple Watch Series 3 da wayar Pixel 2 ta Google suka biyo baya a 2017, sai iPhone XS da XR a 2018, sannan Galaxy S20 a 2020. A duk wayoyin nan akwai wurin saka kati, don haka ƙaramin kamfani yana iya yin biris da sabon tsarin ba tare da ya rasa kwastoma ba. Abin ya canza a 2022, lokacin da Apple ya cire wurin saka kati gaba ɗaya daga iPhone 14 da ake sayarwa a Amurka. Daga nan duk kamfanin da ba shi da eSIM a can, ba shi da abin da zai sayar wa mai sabuwar iPhone. A 2025 iPhone Air ta fito babu wurin kati a duk ƙasashen duniya.

Yadda layi ke shiga waya

Abin da ake turowa ana kiransa furofayil. A cikinsa akwai abubuwan da ke cikin katin sim na yau da kullum: lambar IMSI da hanyar sadarwa ke gane mai layi da ita, makullin sirri da ake tantance shi da shi, da lambar ICCID wadda a da ake bugawa a bayan kati. Furofayil yana zaune ne a wata saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai a intanet, mai suna SM-DP+. A cikin waya kuma akwai manhajar da ake kira LPA, ita ce ke zuwa ta ɗauko shi. Kowace ƙwayar eSIM tana da lambarta mai alƙaluma 32, wato EID, kuma a yawancin wayoyi idan aka danna *#06# tana fitowa tare da IMEI, lambar shaidar wayar kanta. Idan EID bai fito ba a nan ko a cikin saiti, alama ce wayar ba ta da eSIM.

Lambar QR da kamfani ke aikowa ba layin ba ce. Gajeren rubutu ne kawai da ya fara da LPA:1, sai adireshin sabar, sai lambar da ke nuna wane furofayil aka ware wa wannan mutum, an raba su da alamar $. Shi ya sa idan kyamara ta ƙi karantawa, ana iya rubuta adireshin da lambar da hannu. Da waya ta isa sabar, ɓangarorin biyu za su tantance juna da takardun shaida na dijital da ke ƙarƙashin GSMA, sannan a ɗaure furofayil ɗin da wannan ƙwaya ɗaya tilo kafin a turo shi. Wannan ɗaurin ne ya hana a kwafi layi daga waya zuwa waya, kuma shi ne tushen yawancin wahalar da ake sha wurin sauya waya.

Dalilin da kamfanonin suka bambanta

Kamfanonin da ake kira masu rahusa ba iri ɗaya ba ne. Akwai waɗanda 'ya'yan manyan kamfanoni ne da aka sa musu wani suna: Visible na Verizon ne, Cricket na AT&T, Metro na T-Mobile, kuma T-Mobile ya sayi Mint Mobile a 2024. A Birtaniya Voxi na Vodafone ne, Smarty kuma Three ne ya kafa shi. A Japan akwai ahamo da povo da LINEMO, waɗanda manyan kamfanoni uku na ƙasar suka buɗe a 2021. Irin waɗannan kayan gidan ubansu suke amfani da su, don haka samun eSIM a wurinsu shawara ce ta kasuwanci kawai.

Sauran su ne masu haya na gaske, waɗanda ake kira MVNO. A nan ma kashi biyu ne. Akwai mai ƙaramar haya, wanda suna da farashi da kula da kwastoma ne kawai nasa. Lambobin IMSI da makullan sirri da rumbun bayanan masu layi duk na mai hanya ne. Irin wannan ba ya iya ƙirƙirar furofayil da kansa. Sai mai hanyar ya yarda ya buɗe masa ƙofa, kuma ba kowane mai hanya ne ke gaggawar yin haka ba, tunda eSIM yana sauƙaƙa wa kwastoma barin kamfani cikin 'yan mintuna. Akwai kuma mai cikakkiyar haya, wanda turaku kawai yake haya amma yana da rumbunsa da lambobinsa da makullansa. Wannan yana iya fara eSIM ba tare da jiran kowa ba. Kamfanin IIJ na Japan misali ne: ya koma cikakken mai haya a 2018, a shekarar da ta biyo baya ya fara sayar da eSIM na data.

Ko an samu izini, akwai kuɗin kashewa. Sabar SM-DP+ sai ta samu tantancewar tsaro ta GSMA, don haka ƙananan kamfanoni ba su cika gina tasu ba. Haya suke yi daga kamfanoni irin su Thales da IDEMIA da Giesecke+Devrient, ko su bi ta hannun dillalin da ke yi wa kamfanoni da yawa aiki a lokaci guda. Bayan nan sai an haɗa sabar da na'urar lissafin kuɗi da rajistar kwastoma, ta yadda da mutum ya biya za a ware masa furofayil nan take. Wannan haɗin shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma a nan ne ake ganin bambancin kamfanin da layinsa ke tashi cikin minti biyar da wanda sai ma'aikaci ya aiko da QR ta imel washegari. Ribar kuwa a fili take ga kamfanin da ba shi da shago: babu buga kati, babu aikawa ta gidan waya, kuma yana iya ba mutum layin gwaji na 'yan kwanaki ya ɗora a kan layinsa na asali ya ga ƙarfin sabis a inda yake.

Matakan tallafi

Mataki mafi ƙasa shi ne lambar QR, kuma yana aiki da kusan kowace waya mai eSIM. Na gaba shi ne sakawa ta manhajar kamfanin, inda manhajar ke miƙa lambar ga waya kai tsaye. Sai turawa ta EID: kwastoma ya ba da lambarsa, kamfani ya yi mata rajista, wayar ta nuna sanarwar cewa akwai layi yana jira.

Inda masu rahusa suka fi gazawa shi ne matakai biyu na ƙoli da ke gaba da waɗannan. Na farko, mayar da layi daga tsohuwar waya zuwa sabuwa ba tare da an tuntuɓi kamfani ba, kamar yadda iPhone ke yi ta Bluetooth tun daga iOS 16, da mayar da katin sim ya koma eSIM daga cikin saiti. Wannan yana buƙatar wata saba ta dabam da ke tabbatar wa waya abin da layin ke da izinin yi, sannan sai kamfanin da ya ƙera wayar ya sa sunan kamfanin sadarwar a cikin waɗanda ya amince da su. Na biyu, agogon hannu mai amfani da lamba ɗaya da waya. Mutum yana iya samun eSIM lafiya lau a wayarsa amma Apple Watch ɗinsa ya ƙi haɗuwa, domin raba lamba ɗaya tsakanin na'urori biyu aiki ne na can cikin hanyar sadarwa, kuma masu haya ƙalilan ne suka samu wannan damar.

Wani abin lura: kamfani yana iya karɓar iPhone da Pixel da manyan Galaxy kawai, ya ƙi sauran wayoyin Android ko da suna da eSIM, saboda su kaɗai ya gwada. Haka nan waya iri ɗaya tana bambanta da ƙasar da aka yi ta dominta. iPhone da aka sayar a babban yankin Sin shekaru da dama wurin kati biyu gare su, babu eSIM ko kaɗan.

Saka layi

Kafin a biya, sai a tabbatar wayar ba a kulle take ga wani kamfani ba, domin kullen yana hana eSIM kamar yadda yake hana kati. A iPhone ana ganin wannan a shafin bayanan waya cikin saiti. Sai a duba IMEI a shafin kamfanin. Waya mai layi biyu IMEI biyu gare ta, kuma wasu kamfanoni na biyun suke so a ba su don eSIM. Ba da wanda ba shi ba kan sa layi ya sauka amma sabis ya ƙi zuwa.

Ana buƙatar intanet mai ƙarfi lokacin saukewa, Wi-Fi ya fi, kuma gara a kashe VPN. A buɗe QR a wani allo dabam ko a buga shi a takarda, a shiga wurin ƙara layi a saiti, a ɗauka. Wasu kamfanoni suna ƙara lambar tabbatarwa da suke aikowa dabam. Bayan an gama sai a zaɓi layin da zai riƙe data da wanda zai riƙe kira. Idan da tsohuwar lamba za a zo, kada a rufe tsohon layi da hannu, domin lambar na iya salwanta. Sabon kamfani ne ke jawo ta. A Birtaniya ana tura kalmar PAC ta tes zuwa 65075 a karɓi lambar sauya kamfani mai aiki na kwana 30, a Amurka kuma ana buƙatar lambar asusu da lambar sirri ta canja wuri.

Abubuwan da ke lalacewa

Matsalar da ta fi yawa ita ce lambar QR da aka riga aka yi amfani da ita. A yawancin kamfanoni sau ɗaya take aiki. Idan intanet ya yanke ana tsakiyar saukewa, sabar na iya ɗauka an gama, alhali waya ba ta samu komai ba, kuma sake ɗaukar hoton ba zai yi amfani ba sai kamfani ya saki furofayil ɗin ko ya ba da sabo. Haka abin yake ga wanda ya goge eSIM don yana ganin zai gyara matsalar sabis: gogewa ba kamar cire kati a mayar ba ce. Ba ta kuma soke kwantiragi, za a ci gaba da cire kuɗi. Wurin goge komai don mayar da waya kamar sabuwa fil ma, waya takan tambaya ko a bar eSIM ko a share, mutane da yawa kuma sukan wuce tambayar ba su karanta ba.

Sai matsalar waya da ta faɗa ruwa ko aka sace. Mai kati zai cire ya saka a wata wayar, ko ya je shago. Mai eSIM a kamfanin da ba shi da shago sai ya shiga asusunsa ya nemi sabon furofayil, shiga asusun kuma sau da yawa yana buƙatar lambar da ake turowa ta tes zuwa layin da ya mutu. Maganin wannan tun kafin ta faru ake yinsa: a sa imel ko manhajar tantancewa a matsayin hanya ta biyu, a kuma ajiye lambar asusu a wajen wayar. Tsaurin da kamfanoni ke yi a nan yana da dalili, domin ɓarawon da ya shiga asusun mutum yana iya jawo layinsa zuwa wata waya daga nesa ya riƙa karɓar lambobin banki. Hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ta amince da dokoki a 2023 da ke tilasta wa kamfanoni tantance mai layi da sanar da shi kafin irin wannan sauyi.

Akwai kuma layin da ya tashi rabi: kira na shiga, data babu, ko saƙon hoto ya ƙi tafiya. Galibi saitin APN ne, wato adireshin da waya ke bi ta shiga intanet a hanyar kamfanin. Waya takan ga lambobin mai hanya ta ɗora saitinsa, alhali mai haya nasa dabam ne, sai an shigar da hannu daga shafin kamfanin. Kira ta Wi-Fi da kira ta 4G su ma sun dogara ga fayil ɗin saiti da mai ƙera waya ya tanadar wa wannan kamfani. Idan babu, ba za su bayyana ba, kuma a ƙasashen da aka rufe 3G wannan na iya nufin babu kira sam. Saurin data kuwa ba ruwansa da eSIM ko kati. Idan mai hanya yana mayar da masu haya baya lokacin cunkoso, haka zai yi wa kowanne.

Layukan tafiya

Kamfanoni irin su Airalo da Holafly suna sayar da eSIM na data ga matafiya, kuma su ma masu haya ne. Yawancin layukansu ba su da lambar kira ko tes. Sau da yawa furofayil ɗin na kamfanin wata ƙasa ce ta uku, yana yawo ne a hanyar ƙasar da aka je, don haka sai an kunna yawon data (roaming) a saiti kafin ya yi aiki, kuma bayanan kan zaga ta ƙasar asalinsa kafin su dawo, abin da ke ƙara jinkiri a kiran bidiyo. iPhone tana iya ajiye eSIM takwas ko fiye, amma biyu kawai ke aiki a lokaci guda, kuma haɗa eSIM biyu ba tare da kati ba ya fara ne daga iPhone 13. A Android wannan damar ta zo da sigar 13, kuma ba duk wayoyin da ke da sigar ba ne suke da ita.