Kwamfutar da allonta ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki: yaushe doka ta ba ka damar mayar da ita?

Masu zanen katin biki da fosta, da masu tace bidiyo, da ɗaliban zanen gine-gine a Abuja sun san wannan ciwon kai. Kana cikin manhajar zane irin su CorelDRAW ko AutoCAD, ga shafukan Chrome rututu a gefe, sai allo ya yi baƙi ƙirin, ya dawo, manhajar ta rufe da aikin da ba ka adana ba. Wani lokaci ma shuɗin allo ne zai fito, kwamfutar ta sake tashi da kanta. Idan ka koma shagon da ka saya a Wuse, amsar ba ta wuce, "Oga, ai kai ka cika mata kaya," sannan a nuna maka ƙasan rasit inda aka buga cewa ba a mayar da kaya. Doka tana da ta cewa a nan, amma sai ka fara sanin abin da ke kayar da na'urar.

Tun daga Windows Vista akwai ƙa'idar da tsarin ke bi: idan sashen da ke sarrafa hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows zai katse direbarsa, wato manhajar da ke tafiyar da sashen, ya sake tayar da ita. Baƙin allon da ka gani ke nan. Idan abin ya maimaitu a jere cikin minti guda, ko tayarwar ta ƙi, sai shuɗin allo. Yawancin kwamfutoci masu sauƙin kuɗi ba su da katin hoto mai ma'ajiyarsa ta kansa. Sashen hotonsu daga RAM yake aro, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take ciki, kuma Windows na iya ba shi har kusan rabinta. Da RAM ta cika, sai a koma jibge bayanai a faifan ajiya, wanda bai kai ta sauri ba ko kusa, daga nan direba ta makara ko ta rasa wurin da ta nema.

Sai dai tsohuwar direba, da zafi saboda ƙurar hunturu ta toshe fanka, da RAM mai lahani, duk irin wannan alamar suke nunawa. Danna Ctrl da Shift da Esc don buɗe Task Manager, mai nuna yadda na'urar ke aiki, ka duba yawan RAM da ake ci lokacin da abin ke faruwa. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta abubuwan da suka faru a na'urar, lamba 4101 na nufin direbar hoto ta tsaya an tayar da ita, 2004 kuma gargaɗi ne cewa ma'ajiya ta kusa ƙarewa. Sabunta direba daga shafin Intel, AMD ko NVIDIA, ka kuma gwada Windows Memory Diagnostic, mai duba lafiyar RAM. Idan RAM da sauran wuri, direba sabuwa ce, amma allo bai daina ɗaukewa ba, to zargi ya koma kan ƙarfen.

Dokar da ta shafi wannan ita ce ta gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, kuma ita ta kafa hukumar FCCPC mai hedikwata a nan Abuja. Sashe na 131 ya ce mai saye na da haƙƙin samun kaya mai inganci, mai aiki yadda ya kamata, marar lahani, wanda zai ɗauki lokaci mai ma'ana ana amfani da shi. Sashe na 132 ya mayar da wannan garanti a kan kowane ciniki, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Cikin wata 3 da karɓar kaya, idan ya gaza, kana iya mayarwa ba tare da an ci ka tara ba, mai shago kuma dole ya gyara, ko ya sauya, ko ya mayar maka da kuɗinka. Rubutun ƙasan rasit bai soke wannan ba, domin sashe na 129 ya hana sharaɗin da zai raba mai saye da haƙƙinsa. Sashe na 145 kuma ya ɗora wa wanda ya sayar nauyin kawo hujja idan an yi zargin lahani.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne kwamfutar da lafiyarta ƙalau, ƙarfinta ne bai kai ba. Na'ura mai RAM 4GB ta cika mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke nema, za ta yi rubutu ta shiga intanet. Idan ta durƙushe a tace bidiyo, mai shago zai ce ba lahani ba ne, kuma da gaskiyarsa. Amma sashe na 131 ɗin nan ya ƙara da cewa idan ka faɗa wa mai sayarwa takamaiman aikin da za ka yi da kayan, shi kuma sana'arsa ce sayar da irinsa, to haƙƙinka ne kayan ya dace da wannan aiki. A ganina wannan ne makami mafi ƙarfi a hannun mai saye, kuma shi aka fi sakaci da shi. Wanda ya ce, "Malam, ina son kwamfuta mai kyau," bai ɗaure kowa ba. Wanda ya ce, "Malam, aikin AutoCAD zan yi da ita," aka amsa masa da "za ta ɗauka," ya riƙe igiya. Matsalar ita ce maganar baki, da an juya baya ta zama ka-ce-na-ce. Ka sa a rubuta aikin a jikin rasit tare da lambar na'urar da girman RAM, ko ka tura tambayar ta WhatsApp ka ajiye amsar.

Kayan hannu ma suna ƙarƙashin dokar. Sashe na 117 ya wajabta a sanar a fili cewa kaya na hannu ne ko gyararre ne, na 116 kuma ya hana siffanta kaya da abin da zai yaudari mai saye. Wata dabara da ya kamata a sani: a Task Manager ana nuna ma'ajiyar katin hoto ta kansa daban, da wadda yake arowa daga RAM daban, sannan jimillarsu. Mai wayo zai ɗora yatsa kan jimillar ya ce ga girman katin. Layin ma'ajiyar kansa za ka duba, kuma tun kana tsaye a shagon. In da hali, buɗe irin aikin da kake yi a wurin, ka bar ta ta yi zafi kafin ka biya.

Idan matsalar ta taso, kada ka yi saurin kai wa mai gyara ya kwance ta ko ya ƙara mata RAM. Da an ga alamar buɗewa, mai shago ya samu abin fakewa, haka ma idan ruwa ya shiga ko wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona wani abu. Ɗauki bidiyon allon da wayarka, ɗauki hoton lambobin Event Viewer da ranakunsu, ka koma shagon da rasit kafin wata ukun su cika, ka kuma bar shaidar ƙorafinka a rubuce. Sashe na 146 ya ba ka hanyoyi: ka nemi sulhu da mai shagon, ka kai ƙorafi FCCPC, ko ka tafi kotu kai tsaye. Hukumar na karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, inda za ka haɗa da hoton rasit da sauran shaidun da ka tara.